Ginshiƙi na Bakwai

Ubana Jatau da laka ya yi suna,
tubali a hannu, azara a kafaɗa.
Ni kuwa rodi nake lanƙwasawa
a Sabon Gari, dab da layin dogo,
inda aka rushe tsohon siton gyaɗa
don a tsai da bene hawa sha shida.

Injiniya Kuluwa ce ta zana shi,
'yar Tudun Jukun, karatun Samaru,
farar hular kwano, takalmi duk taɓo.
Ta shimfiɗa takarda kan buhun siminti,
ta danne kusurwoyi da tsakuwa,
ta ce, "Nadabo, ga aikinmu."
Na duba, ban ga gini ba,
sai layi kan layi, saƙar gizo-gizo.

Wata uku ƙasa muke yi, ba sama ba.
Mai wucewa ya leƙo ta ɓular shinge:
"Rijiya ce, ko kabarin giwa?"
Jar ƙasa ta ƙare, marmara ta ƙare,
ruwa ya ɓullo, muka kwana janyewa.
Sai da ƙarfe ya yi kuka kan dutse
ta ɗaga hannu: "Nan zai zauna."

Daga nan, mako biyu hawa ɗaya.
Katako, rodi, waya, kankare,
a shayar da shi safe da yamma kamar lambu.
Hajjo mai ɗanwake ta dawo ƙofarmu,
da gawayi take zana bashinmu.

A hawa na tara, wata Laraba,
aka ɓare katako daga ginshiƙi na bakwai.
Ina cin rogo, idona ya ƙi wucewa.
Na'ura mai jan haske ta ce lafiya lau.
Na zaro zaren ubana daga aljihu,
dalmar bakinsa ta yi baƙi don tsufa,
na hau, na sake shi, na jira ya bar lilo.
Yatsa biyu.
Ya karkata gabas da yatsa biyu.

Barau ɗan kwangila ya ce, "Filasta ta rufe.
Kun san nawa buhu yake yau?
In gilashi ya hau, wa zai gani?"
Kuluwa ba ta tanka masa ba.
Ta karɓi zaren, ta hau da kanta,
ta auna, ta sake, ta kuma sakewa,
ta duba ƙafar na'ura,
ashe kan guntun katako ta dogara.
Ta ce, "Hawa bakwai zai goya,
kuma bene ba ya yafiya.
A kawo guduma."

Kwana huɗu muna fasa guminmu.
Barau ya zaftare ladan kwana biyu,
Tanimu ya daina amsa gaisuwata,
layin Hajjo ya kai ƙarshen shinge.

Ran da muka zuba rufi na tsaya a ƙoli.
Ga Kufena ta gurfana kamar raƙumi,
Kubanni kamar zaren da aka yar,
motocin Kwangila jerin kiyashi.
Na laluba birni ta bayan Ƙofar Doka
ina neman soron da ubana ya ɗaura;
rufin kwano ya yi yawa,
na zaɓi wani zanko na ce shi ne.

Yau gilashi ya lulluɓe aikinmu,
gajimare na duba fuskarsa a ciki.
Lif na haɗiye mutane yana amayarwa.
A hawa na tara, an ce, wani akawu
ya jingina kujera da ginshiƙin nan,
yana shan shayi, yana hamma,
bai taɓa ɗaga kai ya dube shi ba.
Dama haka ake so.

Zaren kuwa yana wurin Kuluwa.
Aro ta yi, ta ce sai jibi.
Damina biyu ke nan,
ni ma ban je tambaya ba.